Ƙararrawar sefsis a kwamfutar asibiti: me ya sa take yawan kuka, kuma yaushe take ceton rai?

Sefsis hali ne da jiki ke shiga idan ƙwayar cuta ta kama wani sashe nasa, huhu ne ko mafitsara ko hanji ko wani rauni, sai martanin da jikin ya mayar ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata kayan cikinsa: ƙoda ta rage fitar da fitsari, awon jini ya faɗi, hankali ya fara gushewa. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ce a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka rasu, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar ke nan. Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. A ɗebi jini a kai lab don gano ƙwayar, a auna laktet, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan sassan jiki suka shiga matsi, a sa antibayotik ta jijiya, a yi ƙarin ruwa idan awon jini ya sauka, sannan a nemo tushen ciwon a kawar da shi. Wuyar aikin tana wajen lokaci. Wani nazari da aka yi kan majinyata 49,331 a jihar New York, aka buga a 2017, ya nuna duk sa'ar da aka ƙara kafin sa antibayotik tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa. Ga shi kuma a farkonsa sefsis ba shi da alamar da ta keɓanta da shi. Zazzaɓi, haki da bugun zuciya da sauri abubuwa ne da ake gani a jikin wanda aka yi wa tiyata jiya, da mai asma, da wanda ya zubar da jini.

Daga nan tunanin ƙararrawar ya taso. Bayan dokar HITECH ta 2009, wadda ta zuba kuɗi don asibitocin Amurka su bar fayil ɗin takarda su koma kwamfuta, duk awon da nas ta yi da duk sakamakon da lab ya fitar ya zama yana ajiye wuri guda. To me zai hana kwamfutar ta riƙa bin waɗannan lambobi dare da rana, ta yi gargaɗi idan ta ga majinyaci ya doshi hatsari? Na farko-farkon ƙa'ida kawai suke bi: idan biyu daga cikin alamomi huɗu suka haɗu, wato zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90, numfashi sama da 20 a minti, ko fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000 ko ƙasa da 4,000, sai saƙo ya fito a allo. Waɗanda suka biyo baya lissafi ne da aka koya wa kwamfuta daga bayanan dubban majinyatan da suka gabata.

Mafi yaɗuwa a cikinsu shi ne na kamfanin Epic da ke jihar Wisconsin, wanda manhajarsa ke riƙe da bayanan majinyata a manyan asibitocin Amurka da dama. An gina shi da bayanan zuwan asibiti 405,000 daga rukunin asibitoci uku, tsakanin 2013 da 2015. Duk minti 15 yana ba kowane majinyaci maki, asibiti kuma ya zaɓi makin da idan an kai shi ƙararrawa za ta buga. Ɗaruruwan asibitoci sun kunna shi tun kafin wani na waje ya gwada shi da kyau ya buga sakamako.

Gwajin ya zo a watan Yuni na 2021 daga Jami'ar Michigan, aikin Andrew Wong da Karandeep Singh da abokan aikinsu, a mujallar JAMA Internal Medicine. Sun duba kwanciyar asibiti 38,455 daga Disamba 2018 zuwa Oktoba 2019, kuma 2,552 daga ciki sun gamu da sefsis. A kan maki 6 da asibitin ke amfani da shi, ƙararrawa ta buga a kan 6,971, wato kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Duk da wannan yawan kuka, ta tsallake 1,709 daga cikin masu sefsis ɗin, biyu bisa uku ke nan. Idan aka yi ragi, 843 kaɗai ne na gaske cikin waɗanda ta nuna, don haka sai likita ya duba mutum takwas kafin ya sami ɗaya. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce 183. Su ne masu sefsis da ƙararrawar ta gano waɗanda likitoci ba su ba antibayotik kan lokaci ba, wato waɗanda za a ce ta ƙara wani abu a kan idon likita. Kashi 7 ne cikin 100 na masu ciwon.

Akwai ma'aunin da masu wannan fanni ke yawan ambata, AUC. Fassararsa a aikace mai sauƙi ce: a ɗauko majinyaci ɗaya da ya kamu da ɗaya da bai kamu ba, sau nawa lissafin zai ba na farkon maki mafi girma? Idan 0.5 ne, canki-canka ne kawai. Idan 1 ne, bai taɓa kuskure ba. Kamfanin ya ce nasa yana tsakanin 0.76 da 0.83. Michigan ta sami 0.63.

Me ya jawo wannan giɓi? Amsar ita ce darasin da ya fi kowane amfani a wannan labari, don matsalar ba ta tsaya kan kamfani ɗaya ba.

Kwamfuta ba ta ganin majinyaci. Abin da take gani shi ne sawun da ma'aikata suka bari a cikin fayil. A 2018 wasu masu bincike a Boston sun buga aiki a mujallar BMJ kan majinyata sama da 600,000, suka gano cewa a yawancin gwaje-gwajen lab da suka duba, lokacin da aka yi odar gwajin ya fi sakamakonsa nuna wanda zai rayu zuwa shekara uku. Mutumin da aka ɗebi jininsa da ƙarfe huɗu na asuba, ko da sakamakon ya fito lafiya lau, ya fi shiga hatsari kan wanda aka ɗebi nasa da la'asar aka ga matsala. Dalilin a fili yake: ba a tashin lab da asuba sai hankalin wani likita ya tashi. Lissafin da aka koyar da irin waɗannan bayanai yakan koyi karanta damuwar likita, ya ɗauka ciwon yake karantawa. Rahoton kafar STAT a 2021 ya bayyana cewa cikin abubuwan da lissafin Epic ke dubawa har da ko an riga an rubuta wa majinyaci antibayotik. Ma'ana likita ya yi zargin ciwon, ya rubuta magani, maki ya hau, sannan ƙararrawa ta zo tana sanar da shi abin da shi ya fara gani. Ihu bayan hari. Wata tawagar Michigan ta sake auna wannan a 2024 a mujallar NEJM AI: da suka cire duk hasashen da ya zo bayan likita ya nuna alamar zargi, kamar odar gwajin jini don gano ƙwayar cuta ko laktet ko antibayotik, sai ma'aunin AUC ya faɗo zuwa 0.47.

Sai kuma batun wa ake kira mai sefsis tun wajen koyarwa. Ba a da gwaji ɗaya da ke tabbatar da shi yadda ake ganin ƙwayar maleriya a madubin lab. Wasu masu gina lissafi sukan dogara da lambobin cututtuka da ake cikewa don karɓar kuɗi daga inshora, kuma waɗannan lambobi suna bin al'adar kowane asibiti da abin da ke kawo masa kuɗi. Wasu sukan bi ma'anar da aka amince da ita a 2016, wadda ta ɗora ciwon kan gazawar sassan jiki. Idan ma'anar ta canja, waɗanda ake ƙirgawa su canja, sa'ar da za a ce ciwon ya fara ita ma ta canja, kuma duk wani alfahari na "mun riga likita da sa'a shida" a kan wannan sa'a yake tsaye.

Bayanan su ma ba su da tsabtar da ake zato. Yawan numfashi na cikin alamomin da suka fi saurin nuna taɓarɓarewa, amma shi ne wanda aka fi rubutawa da ka. An daɗe da lura cewa a fayilolin asibiti lambobin 18 da 20 sun cika yawa fiye da yadda zai yiwu a jikin 'yan Adam, saboda ƙirga numfashi na cin minti guda cur, nas mai gado da yawa kuwa ba ta da shi. Haka nan awon da aka yi ƙarfe biyu ana iya shigar da shi ƙarfe huɗu bayan an gama zagaye. Mai bincike da ke duba fayil daga baya zai ga ƙarfe biyu ya ce lissafi ya gano da wuri, alhali a ranar kwamfuta ba ta san da lambar ba sai ƙarfe huɗu.

Ko da lissafin ya yi kyau, yawan ciwon a wurin da aka kai shi yana canja komai. Mu ɗauki misali na lissafi kawai: ƙararrawar da ke kama 80 cikin 100 na masu ciwon, kuma take kuskuren bugawa a kan 15 cikin 100 na marasa shi. A sashen da mutum 70 cikin 1,000 ke da sefsis, za ta kama 56, ta yi ƙarya a kan kusan 140, wato kusan uku cikin kowace bugawa goma gaskiya ne. A kai ta sashen da 20 ne cikin 1,000, za ta kama 16, ta yi ƙarya a kan 147, ɗaya cikin goma ke nan. Manhajar ba ta canja ba, amma nas ɗin sashe na biyu za ta koyi danna "rufe" ba tare da karantawa ba, kuma ba za a ga laifinta ba. Maigadin da ke busa usur duk motsin kyanwa, ranar da ɓarawo ya haura ba wanda zai leƙo. Wannan ba sabon abu ba ne a fannin: wani bita na 2006 ya tarar likitoci na watsi da kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin da kwamfuta ke yi musu kan magunguna.

Korona ta nuna wani gefen. A makonnin farko na annobar, nazari kan asibitoci 24 ya ga rabon majinyatan da ƙararrawar Epic ke bugawa a kansu kullum ya tashi daga kashi 9 zuwa 21 cikin 100, duk da cewa yawan waɗanda ke kwance ya ragu da kusan kashi 35. Zazzaɓi da haki sun cika asibiti, amma daga cutar da antibayotik ba ya yi wa komai. A watan Afrilu na 2020 asibitin Jami'ar Michigan ya kashe ƙararrawar na ɗan lokaci. Ba sai an yi annoba irin wannan ke faruwa ba. Sauya injin lab, ko sauya sunan wani gwaji a cikin manhaja, ya isa ya karkatar da maki a ɓoye.

Duk da haka, wanda ya ce a watsar da abin gaba ɗaya ya yi gaggawa, domin akwai inda ya yi aiki, kuma abin lura shi ne yadda aka tsara aikin a wuraren.

A asibitin MetroHealth da ke Cleveland an gwada wannan lissafi na Epic ɗin dai a sashen gaggawa, ta hanyar raba majinyata 598 gida biyu da ƙuri'a. A rukuni ɗaya saƙon yana zuwa har wurin mai haɗa magunguna na sashen, wanda aikinsa ne ya tunkari likita ya kuma shirya maganin. Matsakaicin lokacin sa antibayotik ya sauko daga sa'a 3.0 zuwa 2.3. Cibiyar asibitocin Kaiser Permanente a arewacin California ta bi wata hanyar da manhajarta mai hasashen taɓarɓarewar majinyaci gaba ɗaya: ƙararrawa ba ta fitowa a allon nas ɗin da ke bakin gado. Tana zuwa wurin wasu ƙwararrun ma'aikatan jinya da ke zaune nesa, su buɗe fayil su tace, sannan su kira tawagar gaggawa ta asibitin. Sakamakon da aka buga a New England Journal of Medicine a 2020 ya nuna raguwar mutuwa da kusan kashi 16 cikin 100 a kwana 30 bayan ƙararrawa.

Wanda ya fi yin suna shi ne TREWS, lissafin gano sefsis na Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin Suchi Saria, da aka buga a Nature Medicine a 2022. An sa ido kan majinyata 590,736 a asibitoci biyar. Cikin masu sefsis 6,877 da ƙararrawa ta riga antibayotik a kansu, waɗanda likita ya tabbatar da gargaɗinsu cikin sa'a uku sun sami raguwar mutuwa da maki 3.3 cikin 100. Likitoci sun duba kashi 89 na gargaɗin, suka amince da kashi 38 na waɗanda suka duba, kuma wannan karɓuwa kanta nasara ce. Sai dai a karanta da hankali. An kwatanta waɗanda aka amsa wa da wuri ne da waɗanda aka yi wa jinkiri, ba da ƙuri'a aka raba su ba. Majinyacin da ciwonsa ya fito fili shi likita ke saurin tabbatarwa, kuma shi ne mai sauƙin magani. Wanda aka yi wa jinkiri ƙila mai ruɗaɗɗen ciwo ne, ko ya faɗo a daren da aiki ya yi wa ma'aikata yawa. Masu binciken sun yi ƙoƙarin daidaita waɗannan a lissafi, amma ba a iya daidaita abin da ba a rubuta ba. Ya kuma kamata mai karatu ya san Saria ce ta kafa kamfanin da ke sayar da wannan fasaha.

Hujja mafi ƙarfi zuwa yanzu daga Saudiyya ta fito, kuma da ƙararrawa mafi sauƙi. Gwajin SCREEN na Yaseen Arabi da abokansa, da JAMA ta buga a ƙarshen 2024, ya haɗa majinyata 60,055 a ɗakunan kwanciya 45 na asibitoci biyar. An riƙa kunna ƙararrawar rukuni-rukuni bisa jerin da ƙuri'a ta fitar, a sauran ɗakunan kuma tana aiki a ɓoye ba wanda ke gani. Alamomi uku kawai take dubawa: numfashi 22 ko fiye, awon jini na sama 100 ko ƙasa, da canjin hankali. Aka haɗa ta da horas da ma'aikata da ba su rahoton yadda suke amsawa. Mutuwa a asibiti cikin kwana 90 ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100. An sami ƙarin gwajin laktet da ƙarin ruwa, an kuma sami ƙarin wasu abubuwan da ba a so, ciki har da zawon da ƙwayar C. difficile ke kawowa, wadda ke bin yawan shan antibayotik. Abin sha'awa, waɗannan alamomi uku su ne waɗanda jagorar ƙwararru ta duniya ta 2021 ta ce kada a dogara da su kaɗai wajen tantance sefsis. A ganina, abin da ya ceci rai a can shi ne an tilasta wa wani ya je bakin gadon mutumin da numfashinsa ya ƙaru, kuma an bi diddigin ko ya je.

Kada a ɗauka mafi munin abin da ƙararrawa za ta yi shi ne ta zama banza. A 2021 BMJ ta buga gwajin ƙuri'a na Jami'ar Yale kan gargaɗin rauni a ƙoda, majinyata 6,030 a asibitoci shida. Gaba ɗaya ba a ga amfani ba. A asibitoci biyun da ba na koyarwa ba kuwa, mutuwa ta kai kashi 15.6 cikin 100 a rukunin da aka yi gargaɗi, a kan 8.6 a ɗaya rukunin. Da ba a yi ƙuri'a ba, da an kunna ta ko'ina da tunanin ai tunatarwa ba ta cutarwa.

Shi ya sa asibitin da ya san abin da yake yi ba ya kunna irin wannan manhaja ranar da aka saka ta. Yakan bar ta ta yi watanni tana lissafi a ɓoye, sannan a zauna da fayiloli. Tambayar farko ita ce gargaɗi nawa zai faɗa kan nas ɗaya a aikin kwana ɗaya, domin da wannan ake zaɓar maki, ba da lambar da ke takardar talla ba. Sai a jera lokacin kowane gargaɗi kusa da lokacin da likita ya fara odar gwajin jini ko antibayotik, a ƙirga waɗanda suka riga shi kawai, kuma da lokacin da lambar ta shiga kwamfuta za a yi ƙirgar. A raba sakamakon sashe-sashe, saboda ɗakin haihuwa da na tiyata da na masu sankara ba jikinsu ɗaya ba. A tsara sa'o'in da ƙararrawa za ta yi shiru bayan an amsa ta, a cire waɗanda aka riga aka fara yi wa magani. A rubuta sunan muƙamin da zai amsa, da mintin da aka ba shi, da wanda saƙon zai haura wurinsa idan bai amsa ba. Bayan an kunna, wani ya riƙa duba yawan bugawar duk wata, yana kuma da ikon kashe ta ba sai an jira taron kwamiti ba. Epic da kansa, a sabon lissafin da ya fitar a 2022, ya koma ba asibitoci shawarar su koyar da shi da bayanan majinyatansu kafin amfani. Hukumar FDA, mai kula da magunguna da na'urorin lafiya a Amurka, ita ma ta matso: a 2024 ta ba da izininta na farko ga wata manhajar gano sefsis, ta kamfanin Prenosis.

Akwai ɓangaren da ya shafi asibitocin Afirka kai tsaye, yanzu da manyan asibitocinmu ke komawa kwamfuta. Ƙararrawa ba ta zuwa ita kaɗai, tana zuwa da maɓallin da ke buɗe jerin odar da aka riga aka shirya, kuma a tsarin Amurka jerin ya ƙunshi ruwa mililita 30 kan kowane kilo na nauyin jiki ga wanda awon jininsa ya faɗi. Gwajin FEAST na 2011, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Kenya da Uganda da Tanzaniya, ya gano cewa ɗura ruwa da sauri ya ƙara mutuwa cikin sa'a 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 a kan 7.3, kuma fiye da rabin yaran na ɗauke da maleriya. A Lusaka ta Zambiya, gwajin da aka buga a 2017 kan manya masu sefsis da faɗuwar awon jini, mafi yawansu masu cutar ƙanjamau, ya ba rukuni ɗaya kusan lita 3.5 cikin sa'a shida, ɗayan kuma lita 2. Kashi 48 cikin 100 suka rasu a rukunin farko, 33 a na biyu. Inda injin taimaka wa numfashi ya yi ƙaranci, ruwan da ya taru a huhu ba shi da mai cetonsa. Asibitin Kano ko Zariya ko Damagaram da zai sayi irin wannan manhaja yana buƙatar likitocinsa su buɗe wannan jerin odar layi-layi, su sa gwajin maleriya da awon yawan jini a sahun farko, su rage ruwan zuwa ƙananan kashi da ake sake duba ƙirji da numfashi bayan kowanne, kafin a haɗa shi da kowace ƙararrawa.